Ɗigo na Goma Sha Bakwai

A Bursa, a gindin dutsen Uludağ,
ƙarfe biyun dare ya gota.
Masana'anta na can tana feshin tartsatsi,
ni ina ɗakin gwaji, daga ni sai inji
sai shayin da ya huce a ɗan tambulan mai ƙugu.

Sunana Gülizar. Aikina ƙirga.

Ga falle biyu a tafin hannuna,
ɗaya baƙin ƙarfe, mai nauyi, mai taurin kai,
ɗaya alminiyam, shafal kamar ɓawon albasa.
Haƙoran tagulla biyu suka cije su,
wuta ta ratsa kafin ido ya ƙifta,
sai ga ɗigon walda, faɗin ƙwayar wake.
Da irinsa ƙofar mota za ta tsaya.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, na ji,
amma zafin wa?
Wanda ya mai da alminiyam ruwa
ko gumi bai sa baƙin ƙarfe ba.
Rana ta buɗe, wannan ya miƙe taku biyu,
wancan taku ɗaya.
Sanyi ya sauko, kowa ya takure gwargwadon halinsa.
Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Na yanka ɗigon, na goge, na sa a ƙarƙashin madubi.
Tsakaninsu akwai wani siririn ƙanzo,
ba na wannan ba, ba na wancan ba,
ko kusa bai kai kaurin gashi ba.
Shi ya riƙe su.
Shi ne kuma zai fara sakin hannu.
In ya yi kauri, ya yi gautsi,
in babu shi, ba a ma gaisa ba.

Ja, saki. Ja, saki.
Sau talatin kowace daƙiƙa injin ke yi.
Kowane ja ramin titi ne,
ko yaro ya buga ƙofa cikin fushi,
ko gangaren İnegöl da kaya niƙi-niƙi.
Shekara goma sha biyar nake matsewa cikin dare guda.

Kwamfuta ta ce miliyan ɗaya.
Goma sha shida sun gaskata ta.
Na sha bakwai, wanda ya yi mako shida a hazon gishiri,
irin gishirin da ake watsa wa titi in ƙanƙara ta sauka,
ya kai dubu ɗari huɗu da sha biyu
ya ce ƙas.
Ba ƙara ba ce ta a zo a gani.
Kamar an karya tsinke a ɗaki na gaba.

Da safe Tankut ya zo da ƙamshin turarensa.
Ɗaya ne fa, in ji shi, cire shi daga lissafi,
layi zai miƙe sambal.
Tsoho Rıfkı, mai shekara talatin a bakin wuta,
ya ɗauki ɓarin, ya juya, ya kai shi haske,
ya ga farin garin da gishiri ya bari a gefe.
Sai bango ya tsage, ya ce,
bai ƙarasa ba, ya tafi neman shayi.

Ni ban san gaibu ba.
Ƙiyasi nake yi, shi ma da gefen da zai zame.
Amma wannan ɗayan yana da mota wani wuri,
yana da direba, da jariri a kujerar baya.
Na rubuta ƙaramar lambar.
Na ƙara: a shimfiɗa gam tsakani, a sake gwaji.
Na sa hannu, biro na ɗan rawa.

A motar ma'aikata na zauna jikin ƙofa.
Kowa na gyangyaɗi.
Mun faɗa rami a shataletale,
na ji bakina ya ce: ɗaya.